Mai Duba Ruwan da Wayarsa Ta Tsufa

An cire yayana Arzika daga aikin duba ruwa bayan shekara goma sha tara, saboda wayarsa ta tsufa. Bai yi sata ba, bai yi fashin aiki ko na yini guda ba.

Arzika basarke ne, wato masunci, a bakin gulbi aka haife mu, kusa da Argungu. Ni aka kai makaranta har na gama sakandare, na yi aure a Gwadangaji, ina sana'ar gumi, wato turara shinkafa. Shi kuwa ya bi mahaifinmu cikin kwalekwale. Bokonsa bai wuce gane lamba ba, amma hakan ya isa lokacin da masu kula da ambaliya suka kafa wani dogon ƙarfe mai lambobi a gefen gulbi, suna neman wanda zai riƙa duba inda ruwa ya kai. Kullum bayan asuba da bayan la'asar zai je ya duba, ya kira ofis ya faɗa. Su kuma idan ruwa ya yi yawa su sanar da manoman da ke ƙasa, su Ambursa har Birnin Kebbi. Ko ranar da aka yi jana'izar mahaifiyarmu sai da ya je, ya dawo da laka a wandonsa ya zauna karɓar gaisuwa.

Shekara shida da suka wuce suka ce an daina kira. Suka ba shi waya mai shafawa da manhaja a ciki, ya riƙa ɗaukar hoton ƙarfen yana turawa. Ya sha wuya. Yatsunsa sun yi kanta da jan taru, gilashin ba ya jin su, sai da ya gano cewa gaɓar ɗan yatsa tana yi. Haka yake danna ta har yau, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Leda biyu yake naɗe ta, ya jefa cikin gora. Shekara shida a kan ruwa, ko tsagewa babu a jikinta.

Bana, farkon damina, manhajar ta ƙi buɗewa. Ta ce sai an sabunta ta. Aka danna sabuntawa, ta ce ba ta dace da wannan waya ba. Ya hau mota ya zo wurina, na kai shi kasuwa shagon Maman Tolu, Bayarabiya mai sayar da wayoyi, wadda ta fi shekara ashirin a garin nan. Ta juya wayar, ta kunna, ta kashe.

"Baba, wannan ta fi ni lafiya," in ji ta. "Ni gwiwa na damuna, ita ba komai."

"To mi ya hana ta aiki, ɗiyata?"

"Masu ita sun gaji da ita ne. Sun daina aiko mata abinci, don ka zo wurina ka sayi sabuwa. Ni dai ina so, amma ba zan yi maka ƙarya ba."

Na ce to a sa manhajar a tawa. Ta gwada, aka ce an ɗaure sunansa da waccan da ofis ya bayar, ba ta karɓar wata. Ko sabuwa muka saya, sai ofis ya sake ɗaurewa.

Muka tafi ofis. Wanda ke kan teburin, Malam Nu'uman, ya karɓe mu da fara'a, har da kujera. Ya ce an rubuta neman sababbin wayoyi, ana jira. Arzika ya gyara zama ya ce, "Yallaɓai, kahin su iso, in riƙa kira kamar da?"

"Baba, babu gurbin kira a tsarin yanzu. Abin da bai shiga manhaja ba, ba a yi shi ba."

Na ce, "Malam, ruwan ya san da wannan tsari?"

Ya yi dariya ya ce Hajiya akwai barkwanci. Ban yi dariya ba.

Arzika ya koma bakin ƙarfensa. Safe da yamma yana dubawa, yana rubutawa a bayan tsohuwar kalanda, yana kiran ofis ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba, don wayar tana kira garau. Cikin watan takwas, wata Talata da safe, ya tarar ruwa ya haura lamba biyu tun jiya, ya yi ja, yana ɗauke da karan gero da ba na yankinmu ba. Ya kira ofis sau uku. A na uku aka ɗauka, aka ce masa na'ura ba ta nuna komai daga tasharsa ba, kuma ba a fitar da sanarwa kan maganar baki.

Sai ya kira Labbo, abokinsa manomin shinkafa a Ambursa. Labbo da kansa ya ba ni labari. Ya ce Arzika ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Kai tsohon banza, kwashe injinka da takinka daga bakin gaɓa. Jibi war haka kana iyo."

"Ai ba a turo saƙo ba."

"To zamna jiran saƙo."

Labbo bai zauna ba. Shi da maƙwabtansa suka kwashe injinan ban-ruwa da buhunan taki, suka kora shanu tudu. Ranar Alhamis ruwa ya iso. Waɗanda Arzika ba shi da lambarsu sun ga saƙon ofis a wayoyinsu suna tsaye cikin ruwa har cinya.

Mako uku bayan haka takarda ta zo. Wai ya yi kwana sittin bai aika rahoto ba, an sallame shi. Ni na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe, ya karɓa ya ninke, ya sa cikin ledar wayar.

"Ummu Hani, sun ce a tumɓuke ƙarhen?"

"Ba su ce ba, Yaya."

"To."

Da la'asar ya ɗauki gorarsa ya nufi gulbi. Har yau yana zuwa, kuma har yau ba a naɗa kowa a wurin ba. A takardunsu, ba mai duba ruwa a wannan tasha.

Ku da kuka sa hannu a takardar nan nake yi wa magana. Ku kuka ba shi wayar, ku kuka zaɓi manhajar da ta ƙi ta. Ku janye takardar sallama, ku mayar da sunan Arzika. Ku karɓi kalandarsa ku shigar da kwana sittin ɗin nan, suna nan cif. Sannan ku ajiye lamba guda da mutum mai kunne zai ɗauka ya rubuta abin da aka faɗa masa, ko da wace irin waya aka kira. Ku yi kafin damina mai zuwa.