Irin nonon da abokina ya bar mini amana

Shekarun baya, lokacin da nake aikin tuƙi a Doha, mu uku muke zaune a ɗaki ɗaya a unguwar Muntaza: ni, da abokina mai aikin gadi, da wani dattijo mutumin Zangon Kumasi da muke kira Baba. Abokina Bafulatani ne. Yana ce mini Kaɗo, ina ce masa Ɗan Fillo, kuma a shekara huɗun da muka yi tare ba a taɓa jin kanmu ba.

Akwai wata ƙaramar kwalba a can ƙuryar firijinmu da aka rubuta wa "magani" don kada wani ya taɓa. Ba magani ba ne. Irin nono ne, wato ɗan tsohon kindirmon da ake zubawa a sabuwar madara don ta kama. Mahaifiyarsa ce ta ɗebo masa daga ƙwaryarta ranar da zai taho. Duk Juma'a wani ɗan garinsu mai aiki a gonar shanu a Umm Salal yakan kawo masa madara, ya dafa, ya zuba irin, washegari ya ɗebi sabo ya mayar kwalba. Haka irin ya rayu fiye da shekara biyu. Nonon kanti kuwa, cewa yake yi wannan farin fenti ne.

Da hutunsa ya zo zai je gida wata guda, sai ya zaunar da ni a kicin kamar ɗan makaranta.

"Kaɗo, buɗe kunnenka. Babbar tukunya za ka ɗauka, madara kada ta wuce rabi. Wuta kaɗan. Ka gitta muciya a bakin tukunyar. In ta huce har ɗan yatsanka zai iya zama a ciki, sannan ka zuba iri. Abu na ƙarshe, madara ba a juya mata baya. Ko kafil ne, ubangidanka na aiki, ya kira ka, ya jira."

Na ce, "Ni da nake tuƙa motar mutane a titin Doha, tukunya ce za ta gagare ni?"

Baba daga kan katifarsa ya ce, "Mota tana da birki, yaro."

Juma'ar farko, bayan mun sauko daga masallaci, na shiga kicin. Babbar tukunyar na jiƙe da ƙanzon shinkafa, ƙyuya ta hana ni wankewa, na ɗauki ƙarama na cika ta kusan baki. Na fito da kwalbar na buɗe na ajiye a gefe. Muciya kuwa na manta da ita sam. Ina tsaye ina jin kaina gwani, sai waya ta yi ƙara. Abokina ne daga gida. Kicin ɗinmu ba ya kama waya sosai, sai na fita bakin matakala.

Bayan gaisuwa ya ce, "Ka ɗora?"

"Na ɗora."

"Kana tsaye a kanta?"

"Idona na kanta," in ji ni, alhali bango nake kallo.

Ya shiga ba ni labarin ruwan sama da gaisuwar mahaifiyarsa. Muna cikin haka na ji Baba yana ƙwala kira: "Direba! Motarka ta ƙwace!"

Na ruga. Madara ta yi kumfa ta hau ta zubo, ta kashe wutar gas, tana bin ƙasa har bakin ƙofa. Garin saurin sauke tukunya gwiwar hannuna ta bugi kwalbar, ta kife a wurin wanke-wanke. Kafin in ɗago ta, irin ya bi rariya. Abin da ya maƙale a gindin kwalbar bai fi cokali ɗaya ba. Madarar da ta rage a tukunya kuma ta ƙone, sai ƙauri.

Na zauna a ƙasa, wandona jiƙe da madara. Baba ya leƙo ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Halas, shi ke nan. Sauka kanti ka sayo nasu ka cika kwalbar. Wa zai gaya masa?"

Ba zan ɓoye muku ba, har na sa takalmi. A matakala na tuna yadda yake buɗe kwalbar nan ya sunsuna kafin ya zuba, fuskarsa ta saki kamar wanda ya shiga ɗakin mahaifiyarsa. Na dawo na cire takalmin.

Baba ya yi murmushi ya ce, "Da ka sayo, da ni zan fara gaya masa."

Irin ya riga ya kwana bakwai, ba zai jira wata Juma'ar ba. Madarar kwali kuma abokina ya taɓa gwadawa, ta fito tsararo. Washegari da safe na roƙi kafil awa biyu, na ce amana ce ta ɗan'uwa. Ya dube ni ya ce, "Yalla, je ka dawo." Na tafi Umm Salal na samo madara a gora.

A wannan karon na wanke babbar tukunyar har tana ƙyalli. Kofi biyu kawai na zuba, tunda cokali ɗaya ba zai iya da mai yawa ba. Na gitta muciya, na rage wuta. Baba ya karɓe wayata ya jefa a aljihu, ya jawo kujera ya tare ƙofar kicin.

"Yau ni ne mai gadi," in ji shi. "Ko fitsari ne, riƙe abinka."

Da ta fara ɗagowa na sauke. Ta huce, na ɗauraye gindin kwalbar da ita na juye a kwano, na yi bismilla, na lulluɓe da tawul. Da la'asar na buɗe. Na karkata kwanon, nono ya tsaya cak. Ƙamshin nan na gida ya bugi hancina. Baba ya ɗanɗana ya ce saura fura kawai.

Ranar da abokina ya dawo, ko jaka bai buɗe ba ya nufi firiji. Ya sunsuna, ya ɗanɗana, ya gyaɗa kai. Sai idonsa ya faɗa kan ƙaramar tukunya, wadda duk gugar da na yi baƙin gindinta bai fita ba.

"Kaɗo, me ya sami wannan?"

Na faɗa masa komai. Ya yi dariya har ya dafa bango.

"Wa ya kira ka?"

"Kai mana!"

"To ni na fi kafil ne? Ba na ce kowa ya jira ba?"

Daga baya kowa ya koma gida, muka raba irin biyu. Nasa ya mutu a hanya, mahaifiyarsa kuma ta riga ta rasu. Nawa ya rayu, maiɗakina ce take kula da shi har yau.

Bara Allah Ya yi wa abokina rasuwa. Da zan je ta'aziyya na rasa abin da zan riƙa, sai na ɗebi irin a kwalba. Na miƙa wa babbar 'yarsa, na ce na kakarta ne. Ta buɗe ta sunsuna, daidai yadda yake yi. Ban iya tsayawa ba, na fita waje.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Amana ba ta da ƙarama, kuma akasari ba mugunta ke zubar da ita ba, ɗan juya baya ne. Har yanzu in ina gida ranar dafa madara, ni nake tsayawa a kanta. In waya ta yi ƙara yara sukan ce, "Baba, ana kira." Nakan ce a bari ta huce tukuna. Abokina ne ya ce kowa ya jira.

Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa.