Ragar da Kawu Ya Ɗaura wa Katafilar Baba

Kawu, yayan Inna, ya yi shekara talatin da ɗoriya yana walda a rumfa ɗaya, bakin titin da manyan motoci ke bi. Aikinsa ƙarafan taga da ƙofofin gida. A unguwarmu idan ana yabon aikinsa, cewa ake yi ko ƙadangare sai ya nemi izini kafin ya ratsa tagar da Kawu ya yi. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai yawan awo. Alli ba ya barin bayan kunnensa, har Inna kan ce da shi aka haife shi. In ka kawo aiki kana azalzalarsa, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Ƙarfe ba ya jin sauri," ya ci gaba da abin da yake yi. Ina ƙarama haushinsa nake ji saboda wannan hali. Sai da na zama mai ɗinki, na ɗanɗana takaicin yanka yadin mutane ba daidai ba, sannan na sassauta masa.

Baba kuwa direban katafila ne, yana share daji inda za a fitar da hanya ko a buɗe gona. Katafilar tsohuwa ce, rufi ne kawai a kan ginshiƙai huɗu, babu gilashi, babu komai a gefe. Wata rana wani busasshen reshe ya lanƙwashe a ƙarƙashin cebur ɗinta, wato faffaɗan ƙarfen gaba da take ture ƙasa da shi, ya kuɓuce, ya dawo kamar bulala ya same shi a idon hagu. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, idon bai dawo ba.

Wata biyu Baba ya yi a gida, kuma wata biyun nan mun ji jiki. Mutumin da ya saba ture bishiya ya koma jera bokitai a tsakar gida, yana faɗa a kan inda aka ajiye tsintsiya. Da ya ce zai koma aiki, ɗan kwangilar da yake yi wa tuƙi ya zo har falonmu, ya zauna yana juya hularsa a hannu.

"Ba ƙin ka nake yi ba," in ji shi. "Amma ido ɗaya ya rage maka. In wani reshen ya zo, me zan ce wa iyalinka? In dai ba a rufe mazaunin nan ba, ba zan ba ka makulli ba."

Na dubi Inna. Na san abin da ke ranta, don shi ne a raina: muna tsoron dajin ya cinye ɗaya idon, muna kuma ganin zaman gida yana cin mutumin gaba ɗaya. Da yamma ta yafa mayafi ta tafi rumfar yayanta.

Kawu bai taɓa yi wa katafila aiki ba, amma bai ga abin wahala a ciki ba. A wurinsa taga taga ce, ko a jikin gida ko a jikin mota. Ya je filin da ake ajiye injinan, ya auna, ya kwana huɗu yana yanka yana walda. Ranar da ya gama ni na raka Baba, don a lokacin bai gama sabawa da tsallaka titi da ido ɗaya ba.

Aikin ya yi kyau, wannan ba a musu. Rodi mai kauri, a jere a matse, an liƙe shi da walda ta kowane gefe, an shafe shi da farin fenti mai ƙyalli irin na tagar sabon gida. Ƙofa ɗaya ce ta hagu. Baba ya hau ya zauna, Kawu ya tura ƙyauren ya zura sakata, ya ja baya yana goge hannu.

Baba ya leƙa gaba, ya karkata kai, ya sake leƙawa.

"Yaya, ina cebur ɗina?"

"Yana nan inda ka bar shi."

"To ni ban gan shi ba. Farin ƙarfe kawai nake gani, rana na dukan sa yana dukan idona." Ya laluba ƙofar. "Wannan kuma wa zai buɗe min?"

Sai a lokacin muka lura sakatar a waje take, har da kunnen rataya kwaɗo, kamar ƙofar sito.

"In kuma ta kife ta wannan gefen," Baba ya ci gaba, "ta ina zan fita? Ko sai an aika a kira ka daga rumfa?"

Makanikan da ke wurin suka fashe da dariya. Wani ya ce saura a sa masa ruwa da tsaba a ciki. Ni ban yi dariya ba, don ina kallon fuskar Kawu, kuma ban taɓa ganin kunya ta kama babban mutum haka ba. Ya zare sakatar da kansa, ya riƙe hannun Baba har ya sauko.

"Shekara talatin ina hana na waje shiga," ya ce a hankali. "Ban taɓa tsayawa na tambayi na ciki yadda zai fita ba."

Washegari ya yanke aikin kwana huɗun nan gaba ɗaya, bai bar ko guntu ba. Daga nan ya yi abin da har yau makanikan ke ba da labari. Ya hau kujerar Baba, ya ɗaure idonsa na hagu da hankici, ya ce, "Direba, nuna min inda kake kallo in kana aiki." Baba na tsaye a ƙasa yana nunawa: bakin cebur na dama, bakin cebur na hagu, saman bishiyar da za a ture, bayan injin in za a ja da baya. Duk inda aka nuna, Kawu ya juya kai ya duba, ya yi zane da alli a jikin ginshiƙi. A nan ya gane mai ido ɗaya sai ya juya wuya sosai kafin ya ga hagunsa, don haka ƙarfen da ya tsaya a can ba ƙaramin shamaki ba ne. Ya auna tsayin idon Baba daga kujera, ya rubuta a bangon rumfarsa. Tun safe har la'asar yana kan kujerar nan da hankici a fuska, mutane na wucewa suna yi masa sannu da ciwon ido.

Bai tsaya nan ba. Ya sa aka kai shi dajin da abin ya faru, ya tsinto karyayyun rassa cike da buhu. Ya samo ragar waya mai kauri iri uku, ya kafa su a rumfa, ya riƙa soka musu rassan nan ɗaya bayan ɗaya da iya ƙarfinsa. Mai manyan ramuka ta bar reshe ya wuce. Mai ƙananan ramuka ta tare reshe, ta tare gani. Ya zaɓi ta tsakiya, wadda yatsa biyu ke shiga amma uku ba sa shiga. Maganar fenti kuwa, wata tsohuwar raga da hayaƙin janareta ya baƙanta a bayan rumfarsa ce ta koya masa: ya lura in ya dube ta, abin da ke bayanta yake gani. Sai ya sayo baƙin fenti marar ƙyalli, yana mita, don a ganinsa aikin da ba ya sheƙi kamar ba a gama shi ba.

Wannan karon bai liƙe komai a jikin ginshiƙan ba. Kowace raga da firam ɗinta, an ɗaure da noti, ana iya kwancewa. Ƙofa biyu, dama da hagu, sakata a ciki, irin wadda bugu ɗaya da gwiwar hannu ke buɗewa. Ya sa Baba ya shiga ya fita sau goma ta kowane gefe, har Baba ya ce, "Yaya, ni tuƙi zan koma, ba wasan motsa jiki ba." Ɗan kwangila ya zo ya girgiza ragar da hannu biyu, ya hau ya leƙa, ya sauko ya miƙa makulli.

Baba ya koma daji, bokitan gidanmu suka huta. Ni dai ban huta ba. Kullum in ya fita ina kan keken ɗinki amma rabin hankalina yana can, kuma na san Kawu ma haka, don ya ɗauki sabon hali na biyowa ta gidanmu da yamma wai ya zo gaida ƙanwarsa.

Bayan wata biyar, wata ranar da na kai wa Kawu rigar da na ɗinka masa, sai ga motar ɗan kwangila ta tsaya a bakin rumfa. Baba ya fito, ya sauke ragar gaba ya jingina ta da teburin aiki. Ta lotsa ciki kamar an danna ƙwarya, kuma ga guntun reshe mai tsini a maƙale tsakanin wayoyin, ya leƙo ta ciki da kamar rabin yatsa.

"Ga aikinka na kawo gyara," in ji Baba, yana ƙoƙarin mai da abin wasa.

Kawu ya matso kusa da ragar. Ya ciro tef ɗin awo, ya auna daga ƙasan firam zuwa tsinin reshen. Ya ɗaga kai ya dubi lambar da ya rubuta a bango wata biyar da suka wuce. Ya sake aunawa, kamar yadda ya saba. Ni ma na dubi bangon, na dubi tef ɗin, sai na gane daidai saitin idon Baba reshen ya tsaya, na zauna a kan benci.

Ba a gyara ragar nan ba. Sabuwa Kawu ya yi, ya rataye tsohuwar a rumfa da reshenta, tana nan har yau. Tun daga lokacin kuma duk ƙarfen tagar da ya yi wa gida sai ya bar ɗan ƙyaure mai buɗewa ta ciki, ko mai gida ya so ko bai so ba.

Amma abin da na fi tunawa shi ne abin da ya biyo bayan awon. Kawu ya ajiye tef, ya matso, ya kama haɓar Baba ya juya fuskarsa wajen haske, ya daɗe yana duban idon daman nan.

"Da shi ka ga hanya ka zo?"

"Da shi, Yaya."

Kawu ya gyaɗa kai. Ya juya ya ɗauki garkuwar walda ya rufe fuskarsa, ya tsaya haka gaban teburin, alhali injin waldar a kashe yake.