Furfura Mai Fentin Rufi

Tun bai kai arba'in ba ake kiransa Furfura, saboda kullum ya sauko daga aiki kansa da gemunsa fari fat da ɗigon fenti. Yanzu furfurar gaske ta iso, ba a ma bambancewa. Sana'arsa shafa wa rufin kwano farin fenti don ɗaki ya rage ɗaukar zafi. Yakan hau da tsumma ɗaure a gwiwoyi, don kwanon ƙuna yake kamar kasko. Masu gida suna ƙasa suna shan iska, shi yana sama yana soyuwa. Ƙyallin farin ya ci masa idanu, sai ya ƙanƙance su kafin ya gane mai gaishe shi.

Ɗakin da yake haya yana manne da shagon wani mai sayar da ƙanƙara. Nasu rufin ya daɗe da shafe shi, amma fenti ba ya tare hayaƙi. Janaretan shagon a gindin tagarsu yake, yini yake yana aman hayaƙi. Matarsa kuwa tana da asma. In ta rufe taga zafi ya dafa ta, in ta buɗe tari ya sarƙe ta.

"Malam, kana sanyaya wa duniya, ni ina nan ana ƙyafe ni kamar kifi," ta ce masa wata rana, tana fifita da kwali.

Ya sha yi wa maƙwabcin magana, amsar ɗaya ce: "Baba, in na kashe injin, kayana su narke. Ni ma ba son ƙarar nake ba."

Sai Furfura ya tattara ragowar fentin da yake tarawa, ranar hutunsa ya hau rufin shagon ya shafe shi tas, kyauta. Shagon ya huce, firiji suka riƙa riƙe sanyi, mai ƙanƙara ya fara kashe inji na wasu awanni. Matar ta buɗe taga, har da barcin rana, abin da ta manta daɗinsa.

Ba a rufe wata uku ba ciniki ya buɗe wa maƙwabcin. Ya ƙaro firiji, ya sayo injin da ya fi na da girma, hayaƙi ya dawo sabo. Har ƙofa ya zo da ƙanƙara a leda, baki har kunne.

"Baba, wannan duk albarkacinka ne!"

Furfura ya karɓa ya yi godiya. Ya naɗe ta a tawul ya ɗora wa matarsa a wuya, ya zauna bakin gado ya daɗe bai cire takalmi ba.

A ƙarshe can bayan gari suka koma, inda sauran bishiyoyi suke. Tarinta ya yi sauƙi. Shi kuwa sai ya ɗaure tsani da bokiti a keke tun asuba, ya yi ta tuƙi zuwa cikin gari. Ranar da gwiwa ta matsa masa, yakan sauka ya tura.