Ji da Saurare

Gwaggona ba ta taɓa mallakar radiyo ba, amma babu abin da ke wuce ta a cikinsa. Dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, take sayarwa a kasuwar Katako, tsakanin masu katakai da rumfar wani tela. Telan ne mai radiyon, ya rataye shi a ƙusa, ƙararsa har bakin titi. Da hantsi akwai wani shiri na mata da Hausa, wata mace mai kaurin murya ke gabatar da shi. Mata na kira su faɗi damuwarsu, ciwon yaro ko tsadar gawayi ko mijin da ya tafi ci-rani ya yi shiru. Gwaggo na zuba wa mutane dambu tana amsa wa matar kamar tana gabanta. Tun da mijinta ya rasu, ban san wata ƙawa da take da ita a Yamai ba in ba wannan muryar ba.

A shekarar da na gama karatu, wani ofishin bincike ya ɗauke ni aikin anket, wato bin mutane ana yi musu tambayoyi. Gidan radiyon ne ya sa a gano masa masu sauraronsa. An rubuta tambayoyin da Faransanci, wani da bai taɓa tsayawa gaban murhu ba ya juya su zuwa Hausa. Ta farko ita ce: "Kina sauraron radiyo?" Na fara da Gwaggo don ita ce kusa.

"Saurare?" ta ce, tana yarfe hannu. "Ɗiyata, ina ni ina zaman saurare? Wannan sai maza masu shayi. Ni dai ji nike."

Haka na yi ta samu daga Katako har Tondibia. Mai daka da mai wanki a bakin kogi, duk amsar ɗaya. A wurinsu mai saurare shi ne wanda ya ajiye aiki ya miƙe ƙafa, kuma macen da ta ce tana yi kamar ta kira kanta malalaciya ne. Amma ka tambaye su abin da aka faɗa jiya, su zayyana maka shi tas.

Na kai maganar gaban shef ɗinmu, shugaban ofishin. Mutum ne mai son kalmar "muryar mata", ba ya taro bai faɗe ta ba. Ya bar ni na yi bayani yana duba wayarsa, sannan ya ce, "Madmazel, amsa biyu gare mu, wi ko non. Ta ce a'a? To non ce." Na ce masa a'ar nan ba a'a ba ce. Ya yi dariya ya ce in na zama dokta sai in ƙirƙiro ta uku. Har yau in na tuna dariyar nan raina ɓaci yake.

Rahoto ya fita da bango mai sheƙi, da hoton wata mace ɗauke da tulu. A ciki an ce matan kasuwa ba su damu da radiyo ba, sai an wayar musu da kai. Ba a daɗe ba aka cire shirin, aka sa kiɗa da labarin ƙwallo a gurbinsa.

Na je Katako bayan haka. Radiyon tela na ta ihu, Gwaggo na aikinta shiru, ba ta amsa wa kowa. Ta zuba mini kopto ta ƙara ƙuli.

"Mi ya samu matar nan?" ta ce. "Ko ba ta da lafiya? Kullum sai na sa ta a addu'a."

Na ce lafiyarta lau, shirin ne aka daina, wai mata ba sa bi.

"Wa ya ce?"

"An yi tambaya, Gwaggo."

Ta daɗe tana juya cokali a cikin kwano. Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Da sun aiko an tambaye mu," ta ce, "ai da mun gaya musu muna ji."