Ƙullin Ƙasar da Mbah Tukijan Ya Ba Autarsa

Duk wanda ya tashi a garinmu Tirtosari ya san Mbah Tukijan, wato Kaka Tukijan, ko da daga ɗingishinsa ne. Shi ya fara sa gatari a wannan daji, tun kudancin Sumatra ba kowa sai giwaye da sauro. Yau in ka gaya wa yaranmu haka sai su yi maka kallon mai tatsuniya, don sun buɗe ido sun tarar da kwalta da masallaci mai bene.

A tsibirin Jawa aka haife shi, cikin duwatsun da ba abin da ke yi sai rogo. Ubansa ɗan ƙwadago ne a gonar rake, har ya mutu bai mallaki inda zai ɗaure akuya ba. Tukijan yana saurayi ya shiga yaƙin korar Turawan Holan, da tsinin gora kafin ya sami bindiga, ya fito da harsashi a cinya. Da ƙura ta lafa aka tara irinsu aka ce ga daji can ƙetaren teku, kowa ya sare iya ƙarfinsa. Ya ɗauko amaryarsa Waginem da tukunya ɗaya, suka shiga jirgin ruwa.

Wahala kam sun sha ta har wuya. Giwaye suka tattake shinkafar farko, zazzaɓi ya ɗauke ɗansu na fari tun bai yi haƙori ba, kuma kabarinsa ne ya buɗe maƙabartar garin. Da yawa cikin abokan tafiya suka tattara suka koma. Shi ya kafe. Ya dasa gahawa da masoro, ya haƙa rijiya, ya yi gidan katako mai fuskantar dutse.

Sai dai daji ya zama gari, gidansa kuma ya yi ta raguwa. Babba cikin 'ya'yansa da suka rayu ya tafi Jakarta tuƙin mota, na biyun ya ƙetara Malesiya, sai dai a ji gaisuwarsu a bakin mutane. Waginem ta kwanta ciwo damina guda, ta bi ɗanta na fari maƙabarta. Tsofaffin sojoji suka yi ta zubewa har ya rasa wanda zai ce wa "ka tuna?" Ranar bikin 'yanci mukan zaunar da shi a kujerar gaba da baƙar hularsa, mu tafa masa, a watse a bar shi yana neman sandarsa. Mu ma ba mu kyauta ba, gaskiya.

Wadda ta rage masa ita ce autarsa Lasmini, da mijinta Parjo da 'ya'yansu. Abu ɗaya ne ya tsaya wa tsohon a rai: a sami jininsa a gidan nan bayan ransa. Bai taɓa faɗa ba, amma kowa ya sani.

Ana nan sai Parjo ya sami fili a tsibirin Kalimantan mai nisa, inda ake sarar sabon daji.

"Pak, girbi biyu ne kawai mu dawo," in ji Lasmini, tana zuba wa ubanta shayi.

"Girbi biyu, Nduk, 'yata? Mijin nan naki da ko ciyawar bayan gida sai an yi masa magiya, shi zai sare daji?"

"Ai gadonka zai yi. Kai ma an ce da farko gatarin ne ke jan ka."

"Uwarki ce ta gaya miki haka? Allah Ya jiƙanta, ba ta bar ni da asiri ba."

Suka yi dariya, ya yarda da girbi biyun, don yana son ya yarda. Har ya hana a taɓa ɗakinsu, ya ce a bar gadon yadda yake.

Ranar tafiya da hantsi, babbar mota na jira a bakin hanya ana loda kaya, ya zaga bayan gida ya tarar da Lasmini tsugune a gindin ayaba. Ƙasa take ɗiba da cokali tana zubawa a ƙyalle, tana waige-waige.

Mu Jawawa duk mun san wannan. Mai zuwa cin rani ba ya ɗaukar ƙasa. Sai wanda zai zauna dindindin ke ƙulle 'yar ƙasar gidansu, in ya isa ya jiƙa a ruwan sha, don zuciyarsa ta kwanta a sabon wuri ta daina waiwaye.

Ta ɗago ta gan shi, cokalin ya faɗi. Ta sa hannu ta rufe ƙyallen. Shi kuwa ya ji tsohon raunin cinyarsa yana zugi. Yana iya yin faɗa. Ya san in ya ce ta zubar, za ta zubar, ta je can ta yi ta kukan gida kamar maraƙin da aka raba da uwa.

"Ba daga nan ake ɗiba ba," ya ce. "Zubar, biyo ni."

Ya ja ƙafa zuwa ƙofar gida, gefen hagu, inda ya binne cibiyarta da hannunsa ranar da aka haife ta. Ya durƙusa da ƙyar, ya tona da yatsu, ya cika ƙyallen, ya ƙulle tam.

"Ki tafasa ruwan, ki bari ya kwanta. Yaran za ki fara ba, sannan ke. Parjo ko bai sha ba, duk inda akwai abinci gidansu ne."

Ta yi dariya hawaye na zuba. "Pak, wai da gaske abin nan yana ci?"

Direba ya matsa oda. Tsohon ya danƙa mata ƙullin, ya kakkaɓe hannunsa a zane.

"Yana ci, Nduk. Uwata ce ta ƙulla mini nawa, tana cewa in gama in dawo. Ban sake ganin ta ba."