Yashin da Na Aika wa Hajiya Talatu

Kafin in je Dubai, tela ne ni a Fagge, ba wanda ya taɓa cewa na ci masa ko ƙyallen yadi. Ziyara ce ta kai ni. Da na ga benaye sun tokare sama a tsakiyar hamada, ga motocin alfarma jere a ƙofar masallaci, sai keken ɗinkina ya fice mini a rai. Na ƙi komawa gida.

Na samu aikin ɗaure kaya a kasuwar Murshid Bazaar, wurin wani dattijon Balarabe mai aika kaya Najeriya. Kullum da safe da hannunsa yake zuba mini gahawa, ya miƙo dabino, ya ce, "Yalla habibi, amana," wato mu je aiki abokina, a riƙe amana. Mutanenmu na Kano su sari kaya su bar mana, mu ɗaure mu aika.

Da kwalbar turare ɗaya na fara sata. Ba wanda ya lura. Sai abaya biyu, sai wayoyi. Da hannu ya saba, na koma kwashe kayan cikin kwali gaba ɗaya, in cika shi da yashin wuraren gini don nauyi ya yi daidai a sikeli.

Wata rana wata tsohuwa ta zo, Hajiya Talatu, hawanta jirgi na farko ke nan. Gonar gadonta ta sayar ta sari abayoyi, don ta riƙe marayun da ɗanta ya bari. Ta ce, "Ɗana, na ji daɗi da na samu ɗan gida. Ka ɗaure mini da kyau."

Na ce, "Khalas, an gama Hajiya, kamar kayan mahaifiyata."

Duka kwalayenta yashi na zuba.

Ƙorafi ya yi yawa, aka duba kyamara, asirina ya tonu. Ranar da 'yan sanda suka zo, Balaraben bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "A akushina ka ci," ya kau da kai. Shekara uku na yi a kurkuku, sannan aka sa ni a jirgi aka ce kar in sake dawowa.

Da na sauka Kano na nemi gidan Hajiya. Matar ɗanta ta ce tun ranar da Hajiya ta buɗe kwalin farko ta yanke jiki ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Na durƙusa gaban tabarmarta na ce, "Hajiya, ni ne mai ɗaurin kaya. Don Allah ki yafe mini." Ta daɗe tana kallona. Leɓɓanta suka motsa, ba abin da ya fito. Bayan mako biyu ta rasu.

Na tuba, kullum ina roƙon Allah gafara. Amma samari, ku ji ni da kyau: duk garin da kuka je, kar ƙyale-ƙyalensa ya sa ku taɓa abin da aka ba ku ajiya, komai ƙanƙantarsa. Kurkuku ana fita, ga ni na fito. Abin da leɓɓan Hajiya suka faɗa ne ban sani ba, kuma ba zan sani ba sai mun tsaya gaban Allah ni da ita.