Furen Kan Iyaka: Daga Gazawa Zuwa Gidan Sori

Talata: Gazawa zuwa Gidan Rumji

Na bar gida da idar da sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, ina rataye da jaka mai ɗauke da almakashin yankan reshe da buhunan algarara guda biyu. Kafin in shiga bayanin hanya, ya dace 'yan'uwana masu lambu su san abin da ya fitar da ni a tsakiyar zafin nan.

Ni da maiɗakina Rakiya sana'ar fure muke yi. Ni nake nomawa a lambunmu na fadamar Gazawa, ita kuma take tsarawa, ta ƙawata wurin biki ko suna ko taron buro, wato na ofis. Bana Hajiya Mariyama ta Agye, tsohuwar shugabar lakol, wato makarantar boko, ta sa ranar aurar da ɗiyarta, ta ba mu aikin da sharaɗi guda: ba ta son ganin furen roba ko ɗaya a farfajiyarta. Na amsa mata tun rijiyata na cike. Da rani ya tsananta ruwa ya ja ƙasa, furannin da na shuka dominta suka ƙone a tsaye, ga biki ranar Asabar, ga alkawari a wuyana.

Mafitar ta zo ne daga Sanusi, abokin karatuna na jami'a, wanda yake koyarwa a Gidan Rumji. Ya aiko mini ta waya da hoton wasu itatuwan ƙarya a wata gona kusa da Gidan Sori. Kun san itacen: gajere, mai gindi kamar tulu, wanda yake zubar da ganye da rani ya cika da jan fure ba tare da an ba shi ruwa ba. Sanusi ya ce mai gonar ya yarda ya sayar. Niyyata in tono huɗu da saiwarsu, in dasa kowanne cikin rabin tano, wato duro, a jera su a ƙofar gidan biki.

Rakiya ta rako ni zaure tana cewa, "Malam, in ka dawo hannu rabbana, kai za ka je wa Hajiya da bakinka, ba ni ba."

Na ce, "Na ji, kuma ba zan dawo haka ba."

A tasha na sami ƙaramar bas mai zuwa Maraɗi. Direban ya hangi almakashi ya leƙo daga jakata, ya ce, "Malam wanzami ne?" Na ce wanzamin itace. Ya ce to in zauna gaba, kada in yi wa fasinjansa aski a hanya. Da muka ratsa Agye masu tallar aya suka yanyame motar. Na lura na ɗan sunkuyar da kai lokacin da muka wuce kwanar unguwar Hajiya, abin da ya ba ni dariya ni kaɗai: mutum mai shekara hamsin yana ɓuya wa alkawarin da bai riga ya saɓa ba.

A Cadawa muka tsaya shingen jandarma, aka duba katin kowa, ni kuma na yi amfani da damar na karya da shayi da burodi. Mun shiga Maraɗi da hantsi. Can na sauya mota, na jira ta cika har bayan azahar, sannan muka miƙa yamma ta Tibiri. Tun daga nan harshen mutane ya fara sauyawa, "muka" ta koma "munka", na san na shiga ƙasar Gobir. Sanusi ya tarbe ni da la'asar a bakin hanya. Iyalinsa suka yi mana tuwon hatsi da miyar kuka da man shanu, na kwana a ɗakin baƙinsa, ko in ce a ƙofar ɗakin, domin zafi bai bar kowa ya kwana ciki ba.

Laraba: Gidan Sori

Da sassafe muka hau babur ɗin Sanusi. Bayan an bar kwalta hanyar yashi ce zalla, sau biyu ina sauka ina tura shi. Mai gonar, wani magidanci mai fara'a da ake kira Bawa, ya riga mu isa. Ya zo da amalanke da masu tono biyu, kowa da shebur.

"Ga su nan, Malam," in ji shi. "Zaɓi wanda ranka ka so. Iccen banza na, ko akuya ba ta cin shi."

Ban taɓa ganin irinsu ba. Kowanne ya kai mini ƙirji, gindinsa sai mutum ya rungume da hannu biyu, furen kuwa kamar an zuba garwashi a kan rassa. A raina na ce Hajiya Mariyama ta sami abin da za a daɗe ana labari. Na fara zagayawa domin in zaɓa, a nan ne wani abu ya tsaya mini. Daji ba ya fitar da itace a jere. Waɗannan kuwa layi ɗaya suka bi, tun daga gindin wani gawo har bakin hanyar amalanke. Na duba ƙasa: ta gabas guntayen karan hatsi ne, ta yamma ragowar harawar wake, kuma kunyoyin ba su fuskanci wuri ɗaya ba.

Na ce, "Malam Bawa, wa ya dasa su?"

"Tsohonmu, Allah shi jiƙai nai."

"Amin. Gonar yamma ta wa ce?"

Ya ɗan kalli masu tono kafin ya ce, "Ta gida ta."

Na ce to ina son in gaisa da mai ita kafin shebur ya taɓa ƙasa. Bai so ba, amma bai ƙi ba. Aka aika cikin gari, ba a jima ba sai ga wata mace mai kimanin shekaruna, da igiyar ɗaurin kara a hannu. Sunanta Hajo, matar yayan Bawa ce wanda ya rasu, ita take noma gonar tana ciyar da 'ya'yansa. Ta gaishe mu da ladabi, sannan ta dubi amalanke, ta dubi shebur, ta juya ga ƙanen mijinta.

"A'a, Bawa! Yau kuma surukina kaka saidawa?"

"Ji ta, matar Yaya! Icce na fa, ba mutum ba."

Ta ce mini, "Malam, ran da tsoho ya raba gona tsakanin ɗiyanai biyu ya dasa su. Ya ce dutse ana gusar da shi, gamba wuta na cin ta, amma wanga icce, dabba ba ta ci, fari ba ya kashe shi."

Bawa ya ce, "To ni zan ci gonar marayu? In an cire sai a kafa turke wurin."

"Turke ƙafa gare shi, ƙanena. Damina guda, sai a ishe shi tsakiyar wakena yana hutawa."

Masu tono suka fashe da dariya, Bawa ma ya yi, amma Hajo ba ta yi ba. Ta naɗe igiyarta a hannu tana kallona, domin ta gane cewa maganar a wurina take.

Ba zan ce Bawa ya ƙulla cin iyaka ba. Allah ne masanin zuciya, kuma mutumin da rani ya matsa zai iya sayar da abin da bai auna ba. Abin da na sani a matsayina na manomi shi ne, ramin da aka tono a yashi ruwan farko ke shafe shi, bayan shekara biyu babu mai iya rantsewa a kan inda yake. Sanusi ya ja ni gefe ya ce, "Haruna, ɗauki na tsakiya biyu, na gefe su riƙe layin. Asabar fa ba ta jira." Shawarar ta shiga raina, ba zan ɓoye ba. Sai dai na san idan na buɗe ƙofar, baɗi wani zai zo ya ɗauki na gefen, ya ce ai an riga an fara. Na kuma tambayi kaina: tsoron Allah ne ya tsayar da ni, ko tsoron a kira sunana gaban maigari? Na sami duka biyun, kuma na ga babu wanda ya ba ni shawarar banza a cikinsu.

Na ce wa Bawa ba zan tono ba. Saura abin da zan kai Agye.

Na koma inuwar gawo na kira Rakiya, na kwashe labarin na gaya mata. Ta ce, "Malam, ni da ma wannan ƙaton gindin ba shi nake so ba, kai ne ya burge. Fure nake so. Yanko mini rassa masu tsawon kamu guda, ka zaɓi waɗanda tohonsu bai gama buɗewa ba. Tukwanen ƙasa da yashi suna nan, sauran aikina ne."

A nan na san na tsaya a kan abin da na iya. Reshen ƙarya yana riƙe ruwa a jikinsa, ba ya yaushi da wuri kamar sauran furanni, kuma yankan da aka yi bisa ƙa'ida ƙara wa uwar rassa yake yi. Na dawo na ce musu rassa zan saya, ba itace ba. Wanda ya karkata gabas na Bawa ne, wanda ya karkata yamma na Hajo, kuma in da rai duk rani zan dawo.

Bawa ya ɓata fuska, ya ce kuɗin reshe ba kuɗin itace ba ne. Sanusi ya riga ya gaya mini cewa kakanninsu makiyaya ne da suka zauna suka kama noma, saboda haka na ce, "Malam Bawa, kun fi ni sanin bambancin sayar da saniya da sayar da nono."

Ya ɗaga kai ya ƙare wa itatuwan kallo, sannan ya ce, "To ai duk yamma sunka karkata!"

Hajo ta ce, "Icce ya san mai ba shi haƙƙinai."

Wannan karon har ita aka yi dariyar. Masu tono suka ajiye shebur suka koma masu riƙe mini buhu. Na gargaɗe su kada ruwan reshen ya taɓa idonsu ko bakinsu, domin dafi ne. Kowane yanka na dangwala shi a toka, muka shimfiɗa rassan a inuwa su sha iska. Hajo ta aiko mana da fura da nono, Bawa kuma, don kada a bar shi a baya, ya kai mana kayan har bakin kwalta a amalankensa, ya ƙi karɓar ko dala.

Alhamis: komawa gabas

Na naɗe rassan a buhunan algarara, furen a sama, na biya kujera biyu a motar Maraɗi domin kada a ɗora musu buhun albasa. A shingen da ke kafin Tibiri wani ma'aikacin gandun daji ya sa aka buɗe.

"Itace ka saro?"

Na nuna masa cewa babu saiwa ko ɗaya, yankan reshe ne. Ya ɗauki guda ya jujjuya, ya ce, "Wannan ai dafin kibiya ne a wurin kakanninmu. Biki za ka kai shi ko yaƙi?" Na ce biki, amma mai bikin tsohuwar shugabar lakol ce. Ya ce to duk ɗaya ne, ya ɗaga mana sanda. A raina na ce da gindi huɗu na ɗauko da saiwarsu, da ban bar shingen nan da dariya ba.

Daga Maraɗi na sami mota kai tsaye. Na yi sallar azahar a Cadawa, na yayyafa wa buhunan ruwa kaɗan daga waje. Da muka zo kwanar unguwar Hajiya a Agye, wannan karon kaina a ɗage yake. Na isa Gazawa kafin magariba. Rakiya ba ta tsaya gaisuwa mai tsawo ba, buhu ta fara kwancewa. Ta ce, "Ka iya zaɓe, Malam," wanda a bakinta babban yabo ne.

Asabar da Lahadi: Agye da gida

Rakiya ta yini ranar Juma'a tana aiki. Ta cika tukwanen ƙasa da yashi mai ɗan danshi, ta kafa rassan uku-uku, ta zagaye su da busasshen kan gamba da zangarniyar hatsi. Ranar biki muka ɗora su a kan dogayen turame da ginshiƙan rumfa, inda hannun yara ba ya kaiwa. Tohon da na yanko a rufe ya buɗe a daidai ranar. Hajiya Mariyama ta fito ta zagaya kamar mai duba aji, ta tsinki fure guda ta murza tsakanin yatsunta, ta ga ya jiƙa. Ta ce, "Malam Haruna, ka cika." Na ce ta wanke hannu tukuna, sannan in karɓi godiyar.

Bayan an watse muka kwashe rassan muka dawo da su, domin kowanne dashe ne. Ranar Lahadi da safe na aika aka kira mini ƙanena Isa, wanda lambunsa yake manne da nawa. Tun rasuwar mahaifinmu babu abin da ya raba mu sai 'yar hanyar ƙafa da kalmar "ai mun sani". Ya tarar da ni da rassa a ƙasa da igiya a hannu.

"Yaya, ko na shigar maka gona ne?"

Na ce, "Ba ka shiga ba, ban kuma shiga taka ba. Ni da kai mun san iyakar. Rakiya da maiɗakinka da 'ya'yanmu fa, ran da babu mu?"

Ya karɓi bakin igiyar ya tafi gindin mangwaron da ke ƙarshen iyakarmu ya ja ta, sannan ya dawo ya riƙe reshen farko a tsaye, ni kuma na danne masa yashi.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya da alkawarina a cike. Ina gode wa Sanusi da iyalinsa bisa masauki da tuwo, da direbobin da suka yi haƙuri da buhunana. Hajo da Bawa kuma ina miƙa musu gaisuwa. Almakashina yana rataye a zaure, itatuwansu suna inda tsohonsu ya bar su.